Ƙarfen da Aka Sa wa Maharazu

Yakasai, Birnin Kano, 9 ga Maris, 1953

Daga Zinariya 'yar Malam Lawal, zuwa ga Salihu, jikan ƙanen mahaifina, akawu a ofishin jirgin ƙasa na Legas.

Gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya tsare ka a bakin teku. Ina lafiya, in ban da gwiwar hagu da ta saba ƙorafinta. Ƙanwarka Lauratu lafiya, goyonta ya fara haƙori. Baba Jibrin yana nan yana mulkin zaure kamar yadda ka bar shi.

Bayan haka, na rubuto da hannuna don kada ka tsinci labarin gidanmu a bakin fatake. Ranar Alhamis masu majigi suka kafa farin ƙyallensu a filin Ƙofar Nassarawa bayan magariba, na kuwa je. Matar da ta wanke gawar rabin matan unguwar nan ba ta neman izinin kowa kafin ta kalli inuwa a jikin ƙyalle. Mijin ƙanwarka, ɗan farina, shi ya riƙa mini tabarma, hannunsa da shuɗin marina.

Da farko aka nuna yadda ake shanya gyaɗa da yadda ake haƙa masai. Ka san tsarinsu: hoton ba ya jin Hausa, sai wani ya hau mota da lasifika yana faɗa wa jama'a abin da suke gani. Mai wannan aiki Ɗantani ne, mutumin Dala, wanda ba ya duba takardar da aka ba shi, bakinsa kawai yake saki, mutane kuma don barkwancinsa suke cika fili. Sai aka sa wani tsohon faifai na ƙarshen yaƙi, wanda nake zaton shi kansa bai taɓa gani ba.

Muka ga shingen waya mai ƙaya, da mutane a bayansa, fararen fata, kawunansu a aske, ƙashi ne kawai da fata, idanu sun faɗa kamar rijiyar rani. Ɗantani ya ce, “Jama'a, ku duba da kyau! Waɗannan su ne suka ƙi noman gyaɗa bara!” Fili ya ɗauki dariya. Wani a cikinsu ya yunƙura zai miƙe ya faɗi. Ɗantani ya ce, “Maigida a hankali, kada iska ta kai ka Katsina!” Daga nan aka nuna rami mai faɗin kasuwa, da wata mota mai baki kamar garma tana tura gawarwaki ciki, maza da mata a haɗe, tsirara. Dariyar manya ta tsaya, amma bakin Ɗantani ya riga ya saba. Ya ce, “Kai, wannan direba ya iya shara!”

A bakin ramin akwai wata mace mai rai. Bargo ɗaya ne a jikinta. Ta cire shi ta rufe wata gawa, ta haɗa mata ƙafafu, ta miƙar da hannuwan, ta shafe idanun. Salihu, na san hannun ma'aikaciya in na gan shi. Wannan abokiyar sana'ata ce.

Ina kallonta ban san mijin ƙanwarka ya tashi daga gefena ba. Sai ganinsa na yi a kan mota. Ya finciko Ɗantani ta wuyan riga ya dinga buga fuskarsa a gefen ƙarfe, har haƙora suka zubo ƙasa kamar tsabar masara. Ya ɗauki sandar lasifika ya karya masa muƙamuƙi. Ya diro ya yage ƙyallen gida biyu. Injin bai tsaya ba, hasken ya wuce ya sauka a jikin ganuwa, gawarwakin suka ci gaba da zubowa a kan bangon birninmu. 'Yan doka suka rufe shi da kulake har kansa ya fashe, shi kuwa magana ɗaya yake maimaitawa da ƙarfi: “Ba a yi musu wanka ba! Ba a yi musu wanka ba!” Shekara bakwai da dawowarsa daga yaƙin Burma, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ran nan.

Yana tsare, ana jiran alƙali. Ban je na gan shi ba. Ban roƙi kowa ba, ba kuwa zan tsaya a ƙofar wani ina murza hannu ba.

Tambaya ɗaya gare ni, tunda kuna da gidajen silima a can. Su wane ne waɗannan mutane, me kuma ya sami matar nan mai bargo?

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.
Zinariya


Legas, 21 ga Maris, 1953

Zuwa ga Gwaggo Zinariya,

Ina durƙusawa da gaisuwa, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ni lafiya lau, sai zafin garin nan mai jiƙa riga.

Takardarki ta girgiza ni. Game da tambayarki, na taɓa ganin irin wannan faifai a nan, wani Bature a ofishinmu kuma ya yi mini bayani. Yahudawa ne. Mahukuntan Jamus na lokacin yaƙi suka tattara su daga ƙasashe da yawa, da tsofaffi da jarirai, suka kashe miliyoyi da yunwa da harsashi da hayaƙi mai guba. Waɗanda kika gani a tsaye su ne ragowar da aka tarar da rai. Matar da kika ce ban lura da ita ba. Amma da Yaya Maharazu ya yi haƙuri, da kun ga ƙarshen abin: ana nuna su sun warke, suna cin abinci, suna ɗinki, har da ɗaurin aure, kowa yana murmushi. Abu ya wuce, Gwaggo. Rigimar Turawa ce a ƙasar Turawa, ba abin da zai sa ɗan Yakasai ya zubar wa ɗan Dala haƙora.

Na karanta inda kika ce ba ki je kin gan shi ba, ba ki kuma roƙi kowa ba. Na fahimta. Kin gaji, girmanki ne ya hana ki faɗa. Saboda haka na ɗauke miki nauyin. Na rubuta wa Baba Jibrin, a matsayinsa na babban gida, ya je gaban alƙali ya shaida cewa Yaya ba ya cikin hankalinsa tun da ya dawo daga yaƙi. Mahaukaci ba a yi masa bulala, ba a kai shi kurkuku. An ce akwai wani Malam Sabo a Fagge mai maganin irin wannan, sai a danƙa masa shi.

Ki yi mini uzuri, amma dole in faɗa: hannun da ya yi wa ƙato haka, me zai yi wa Lauratu da jariri ranar da abin ya motsa a ɗaki? Ita kaɗai ta rage mini a ɗakinmu. Ina so a sako ta a jirgi ta zo wurina har ƙura ta lafa.

Ɗanki mai biyayya,
Salihu


Yakasai, 6 ga Afrilu, 1953

Zuwa ga Salihu.

Na amsa gaisuwarka don addini ya wajabta. Lafiyata ƙalau. Lafiyar da ya kamata ka tambaya ita ce wadda ka lalata.

Wa ya aike ka? Takardar da ka yi wa Baba Jibrin ta riga tawa isowa, kafin in san abin da ake ciki an gama shaida, an gama sa hannu. Ashe ruwan Legas yana wanke ƙwaƙwalwa har mutum ya manta cewa uwa ba ta bin ɗan farinta a idon jama'a? Tun da na haife shi bakina bai kira sunansa ba. Ka taɓa jin wannan ya zama shaidar gajiya? Na ƙi zuwa ne don kunya, na ƙi roƙo ne don na san shari'a. Na karanta babin raunuka a gaban mahaifina tun ba a haifi ubanka ba. Haƙori yana da diyyarsa, duka yana da hukuncinsa, da ya ɗauka ya gama ya koma marinarsa. Hukuncin mai hankali yana da ranar ƙarewa, Salihu. Marin ƙarfe na ƙafar mahaukaci ba shi da ita.

Ka tilasta mini abin da ban taɓa yi ba. Na yafa mayafi na fita Ƙofar Mata da rana tsaka, na je Fagge. Sun sa masa marin ƙarfe a ƙafa, da sarƙa daga marin zuwa wani gungumen icce. Kowace safiya ana yi masa bulala don aljanin ya ji zafi ya fita, da yamma a rufe shi da bargo a kan hayaƙin barkono. Ƙarfen ya ci naman idon sawu har fari yana leƙowa. Bayansa kamar gonar da aka yi wa huɗa.

Ya ce, “Inna, ke ce? Za a ce kin rasa kunya.”

Na ce, “Na zo in ga ko ana ba da abinci a gidan nan ne. Ba wurin kowa na zo ba.”

Ya yi dariya har ya yi tari. Sannan ya faɗa mini abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Bayan wani faɗa a bakin kogi a Burma, aka ba shi shebur shi da wasu. Rami ɗaya suka haƙa. Mutanen Kano, da na Zazzau, da na Barno, da takalmansu a ƙafa, wani ba kai, wani rabi ne, aka jera su kamar buhuna, ba wanka, ba likkafani, ba wanda ya san ina alƙibla. Washegari ruwan sama ya buɗe ramin. Ya ce, “Inna, shekara bakwai ina tsoma hannun nan a cikin ruwan baba na marina, ƙasar ramin ba ta fita ba. Sai ga wani yana ba da dariya da ita.”

Wannan ne mahaukacinka. Na nemi a kwance shi, Malam Sabo ya ce mace ba ta warware abin da maza suka ƙulla, sai Baba Jibrin. Baba Jibrin ya ce sai wanda ya fara maganar ya janye. To, ka janye, a rubuce, cikin gaggawa.

Ka ce an nuna su suna murmushi. Mai ɗaukar hoto ya je ne bayan wata guda, bai koma bayan shekara bakwai ba. Mijin ƙanwarka ma da ya sauko daga jirgi a tashar Kano murmushi yake yi, har da kalangu aka tarye shi.

Na karanta wa Lauratu takardarka. Ta ce a gaya wa Yaya, mutumin da yake tsoro bai taɓa ko ɗaga mata yatsa ba, ita ce ma take riƙe shi in ya farka yana rawar jiki. Ba za ta hau jirgi ba.

Zinariya


Legas, 20 ga Mayu, 1953

Gwaggo,

Gaisuwa, da barka da shan ruwa, in har kuna samun sukunin shansa. Jaridu a nan sun cika da labarin Kano. An ce ana kashe-kashe tsakanin Fagge da Sabon Gari, an ƙona rumfuna, an kawo soja. Mu Hausawan da ke nan ba ma nisa da gida.

Na san na yi jinkiri. Maganarki ta yi mini zafi, na ajiye takardar na ce sai zuciyata ta huce, na kuma ga ƙila wata guda na magani ba zai cutar ba. Da na ga sunan Fagge a jarida sai na ɗauki alƙalami. Ga takardar janyewa na haɗo, ki ba Baba Jibrin. Don Allah a kwance Yaya Maharazu yau. Ki rubuto ko layi ɗaya ne, ko zagi ne.

Salihu


Yakasai, 17 ga Yuni, 1953

Zuwa ga Salihu.

Gaisuwa, da barka da Salla. Lauratu da yaron suna lafiya. Ni ma ina tsaye. Takardarka ta iso, da ta janyewar. Na ajiye su.

Ka nemi layi ɗaya. Za ka sami fiye da haka, ka kuma karanta har ƙarshe.

A farkon azumi abin ya tashi. Daga soron gidanmu muna hango hayaƙi a bayan ganuwa, muna ganin samarin unguwa suna fita da adduna da gariyo, suna dawowa da keken ɗinki a ka. Ranar Lahadi aka ce wuta ta kusa layin Malam Sabo. Ban tambayi Baba Jibrin ba. Na je wurin Gambo maƙeri na ce ya ɗauko gudumarsa da abin sare ƙarfe. Ya ce, “Gwaggo, ana yanka mutane a waje.” Na ce, “Ni na wanke uwarka ban karɓi ko goro ba. Tashi.”

Mun tarar da gidan a kulle. Malam Sabo ya kwashe iyalinsa ya shige birni, ya bar ɗaurarru a cikin hayaƙi suna jan gungume suna kururuwa. Gambo ya fasa ƙofa ya sare sarƙoƙi, na kowa da kowa, don mijin ƙanwarka ya ce ba zai fita ba sai an fara da sauran. Ba lokacin cire marin kansa, sai ya fito da shi a ƙafa, da guntun sarƙa kamar kamu biyu a hannu.

Hanyar dawowa ba zan kwatanta maka ita duka ba. Na ga wani tela an raba masa kai, almakashinsa na nan a hannu. Na ga ɗan Fagge da mashi a ciki yana roƙon ruwa, yana kuma tambaya ko azuminsa ya karye. Kusa da Ƙofar Mata, a cikin kwata, ga wata mace 'yar Kudu mai sayar da burodi. An sare ta a wuya, an tuɓe ta. Samari sun kewaye ta, ɗaya yana juya ta da sanda yana faɗin abin da sauran ke yi wa dariya. Na gane shi, Mamman ne jikan Uwani ta bayan gidanmu.

Na ce, “Ku matsa.”

Ya ce, “Gwaggo, wuce abinki, wannan ba taki ba ce. Arniya ce.”

Na ce, “Da na tuɓe kakarka a kan tabarmar wanka, ban ga wani abu a jikinta da babu a jikin wannan ba. Matsa, ɗan banza.”

Ya ɗaga mini sandar. Bai sauke ta da kansa ba. Mijin ƙanwarka ya sauke masa sarƙar a hannu, na ji ƙashin ya ce ƙas. Sauran suka yo kansa su biyar ko shida. Mutumin da aka yi wata biyu ana duka, ga azumi, ga ƙarfe a ƙafa, ya tsaya a kan gawar nan kamar an dasa shi. Ya fasa wa ɗaya goshi, ya shaƙe wani da sarƙar har idonsa ya fito, sannan ya sake shi da rai. Na baya ya sare shi da adda a cinya, sara mai zurfi, jini ya yi tsiri har kan zanena. Bai faɗi ba. Ƙarar motar soja ce ta watsa su.

Ya ce, “Inna, yi aikinki. Ina tsaye.”

Na cire mayafina na rufe ta. Gambo ya samo ruwa a wata randa da ta tsira a rumfar da aka fasa, ya juya baya. Na wanke mata jini da ƙazantar kwata, na haɗa ƙafafun, na miƙar da hannuwan, na ɗaure haɓar da bakin ɗankwalina. Ban yi mata salla ba, na san iyakar da shari'a ta yi mini. Amma sutura haƙƙin ɗan Adam ce, ban kuma ga inda aka ce sai an tambayi garinsu ba.

Motar ta kwasar gawa ce. Suna kama hannu da ƙafa suna wurgawa kamar itace. Da suka iso kanmu, mijin ƙanwarka ya ƙame a gaban sajensu, da marinsa da jininsa, ya yi masa magana irin ta bariki. Ban ji abin da ya faɗa ba. Na dai ga sajen ya dube shi, ya dubi ƙafarsa, ya daka wa yaransa tsawa. Ba a wurga ta ba. Mijin ƙanwarka ne ya ɗauke ta a hannu biyu, aka gyara mata wuri ita kaɗai, ya kwantar da ita a lulluɓe.

Gambo ya goyo shi zuwa gida. Lauratu ta ce tun da aka kawo ta ɗakin nan ba ta taɓa ganin ya yi barci irin na ran nan ba, har sai da ta kara kunne a ƙirjinsa. Muka ɗaure ciwon, muka kira mai magani, amma jikin da aka riga aka cinye da bulala ba shi da abin da zai yi faɗa da shi. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, wuya ya sandare, haƙora suka datse. A goman ƙarshe na azumi, ranar Juma'a da hantsi, Allah ya karɓi abinsa.

Mace ba ta wanke namiji baligi, ko da ita ta haife shi. Sai na sa aka kafa zana a tsakar gida, maza suna ciki, ni ina waje a tsaye. Na sa Gambo ya fara cire marin. Sannan na dinga kiran gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, dama kafin hagu, ba wanda ya wuce wata gaɓa sai na ce a wuce. Da aka zo hannuwa na ce a maimaita. Baba Jibrin ya ce, “Zinariya, shuɗin baba ne, ba ya fita.” Na ce, “Na sani. A maimaita.” Likkafaninsa ni na ɗinka. Kabarinsa nasa ne shi kaɗai, fuskarsa tana duban alƙibla.

Ɗantani ya zo gaisuwa, haɓarsa a ɗaure da tsumma. Ya zauna a zaure tun azahar har la'asar bai iya cewa komai ba. Ban taɓa jin ya yi fassarar da ta kai wannan kyau ba.

Lauratu tana takaba a ɗakin mijinta. In ta fita, ita za ta faɗi inda za ta zauna, ba kai ba, ba ni ba.

Tare da wannan takarda akwai ƙunshi a hannun gadin jirgin ranar Asabar. Yana da nauyi, kada ka aiki yaro. Marin ne. Kai ka yi odarsa, ban ga dalilin da zai sa ya zauna a gidana ba. Ban wanke shi ba.

Kullum kana rubuta sunansa a takardunka cikin sauƙi, ni kuwa shekara talatin da shida ina kewaye shi. Yanzu ba sauran wanda zan ji wa kunya. Sunansa Maharazu. Ɗana ne, kuma da hankalinsa ya mutu.

Zinariya 'yar Malam Lawal